Na yi kwas ɗin hawan bishiya da igiya a Ingila: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Tun ranar da 'yan uwa suka ga hotona ina reto a saman bishiya da hular kwano a kai wayata ba ta huta ba. Wasu tsokana ce kawai, wai aiki ya ƙare ne a Turai har na koma gasa da biri, wasu kuma musamman samarinmu na Leeds da Bradford masu neman sana'ar hannu tambayarsu ta gaske ce, nawa ne kuɗin, kwana nawa ake yi, kuma in mutum ya biya zai ga amfanin kuɗinsa ko asara ce. To bari in zauna in faɗi abin da na gani da idona, da mai daɗin da mara daɗin. Sunan makarantar dai ba zan kama ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi, wata 'yar cibiya ce a cikin wani daji a Yorkshire, irinta suna da yawa a ƙasar nan.

Shekara biyu ke nan ina aikin ƙasa a wani ƙaramin kamfanin masu gyaran bishiya. Jan rassa, cusa su a injin niƙa, riƙe igiya in za a sauko da gungume, sai shara in an tashi. Ina da takardar injin zarto ta ƙasa wadda tsofaffin hannu har yau suke ce wa CS30 da CS31. Abin da ya kai ni wannan kwas ɗin na hawan bishiya da ceto a sama, wanda su kuma suke ce wa CS38 duk da an sauya masa lamba tuntuni, ba sha'awar hawa ba ce wallahi. Ƙa'idar HSE ce, hukumar da ke kula da kariyar ma'aikata, cewa duk inda mutum zai hau bishiya da igiya sai an samu aƙalla mutum biyu a wurin, kuma na ƙasan ya zama ya iya hawa yana da kayansa a kusa, ta yadda in na sama ya ji ciwo zai je ya sauko da shi. Mu uku ne a wurin aikinmu, biyu ke hawa, ranar da ɗaya bai zo ba aiki ya tsaya cak kowa ya tafi gida ba ko sisi. Shi ne oga yace in je zai biya rabi. Kuɗin ya kama fam 700 da 'yan kai har da na jarabawa, kwana 5 ana koyo, rana ta 6 wani mai jarabawa daban ya zo da sunan hukumar jarabawar sana'o'i ta City & Guilds NPTC, ba malamin da ya koya maka ba. Wannan tsarin kam ya burge ni, ba zancen sanayya ko kunya.

Ranar farko na so in yi fushi. Na biya kuɗi in hau bishiya amma har bayan azahar ƙafata ba ta bar ƙasa ba, muna zaune cikin wata rumfar kwano mai sanyin tsiya an zube mana kaya a kan tebur. Mu huɗu ne ɗalibai, malami ɗaya, wani dattijo mai furfura da ya ce ya haura shekara 30 a sama, shi kuma sai dai a kira shi da sunansa tsagwaronsa, abin da bakina ya kasa har muka rabu, ni dai a raina Malam nake ce masa. Ya miƙa wa kowa igiya mai tsawon mita 45 yace ka bi ta da yatsunka daga wannan baki zuwa wancan, kana lanƙwasa ta kana matsawa. Na bi tawa sama-sama nace lafiya lau take. Ya karɓa bai ce komai ba, ya ja kamar gaba goma ya ɗora yatsana a wani wuri, sai na ji ta yi lagwab a ciki kamar an zare mata ƙashi, alhali fatar waje sumul. Ashe da gangan ya cusa ta cikin kayan, tsohuwar igiya ce da gungume ya taɓa dannewa, yana ajiye da ita don irinmu masu gaggawa. Kunya ta kama ni, daga nan na nutsu.

A nan ya yi mana bayanin LOLER, dokar 1998 kan kayan ɗaga nauyi, wadda ta sa duk abin da ke ɗaukar mutum, igiya ce, ɗamarar zama ce, ƙugiya ce, sai wani ƙwararre ya duba shi duk wata 6 ya rubuta a takarda, kayan sauke gungume kuma duk wata 12, ban da dubawar da kai kanka za ka yi kullum kafin ka hau. Ƙugiyoyin da suke ce wa karabina dole su zama masu buɗewa da motsi uku, ka tura ka murɗa ka danna, don kar reshe ya goga ta buɗe da kanta. Ya nuna mana lambobin da ke jikinta, tawa an buga 25 a tsaye 8 a gicciye, wato in nauyi ya bi tsawonta za ta riƙe abin da ya kai tan biyu da rabi, in kuwa ta karkace nauyin ya sauka a kan ƙofarta ko kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ba ta da shi. Abu ɗan ƙarami haka, amma tun daga ranar idona kullum yana kan ƙugiya in ga yadda ta kwanta.

Sai duba bishiyar kanta kafin a taɓa ta. A zagaya gindi a duba naman kaza, kogo, tsagewa, ƙasa da ta ɗaga ta gefen saiwa, matattun rassa da ke rataye, gidan zuma ko rina, wayar wuta. Ya kai mu gindin wata bishiya da suke kira ash da cutar busar da rassa ta kama, wadda aka fara tabbatar da ita a Birtaniya a 2012 kuma ta yi wa irin bishiyar mummunar ɓarna, ya ɗauko reshe mai kaurin dantsena ya buga a gwiwa ya karye ƙas kamar karan dawa. Yace irin wannan in ta yi nisa ba a hawanta, sai dai a kawo mota mai kwandon ɗaga mutum sama.

Rana ta biyu aka fara jifa. Ana ɗaura wata 'yar jaka mai nauyi a bakin siririn zare, ka wurga ta bi ta kan reshen da kake so, sannan ka ja babbar igiya da zaren. Ni da na tashi da harbin tsuntsu da danƙo na ɗauka wasa ne, sai da na yi jifa ya fi 20 zaren ya cukurkuɗe a ƙaya sau biyu, wata yarinya 'yar shekara 19 da ke cikinmu kuwa jifa uku ta samu. Reshen da za ka rataya ranka a kansa ba kowane ba ne, sai rayayye mai kauri, kuma igiyar ta zauna can kusa da uwar bishiya ba tsakiyar reshe ba, sannan kafin ka hau mutum biyu su rataya a kanta su ji ko zai yi ƙara. Akwai wani ɗan maɗauri mai zobba biyu da ake sakawa igiya ta bi ta ciki don kar ta cinye ɓawon bishiya ita ma ta ci kanta.

Ƙullin da aka fara koya mana shi ne furusik, wani mai hawan duwatsu ɗan Austriya Karl Prusik ya fito da shi a 1931. Ka naɗa siririyar igiya a jikin babbar, in ka tura da hannu ya zame, in ka sake masa nauyi ya cije. Yanzu akwai na'urori na ƙarfe masu yin wannan aikin irin ZigZag na Petzl, kuma masu hawa da yawa a kamfanoni su suke riƙewa, amma Malam yace sai mun iya da ƙulli tukuna, don ranar da na'ura ta faɗo ƙasa ƙullin ne zai sauko da kai. Hawan kansa da igiya ninki biyu ake yi, ka ja mita biyu ka tashi mita ɗaya, kana jingine da baya ƙafafu a jikin bishiya kana cilla ƙugu sama kana tura ƙulli. Kai jama'a. A mita 10 hannuwana sun mutu murus, da dare ko cokali na kasa ɗagawa da kyau, maman yara tana ta yi min dariya.

Abin da ya fi ba ni wahala kuwa shi ne abin da na zo ina taƙama da shi. Ni fa tun ina yaro ba mangwaro ko tsamiya ko kanya da ban hau ba a ƙauyenmu, to jikina ya saba da yarda da hannu da ƙafa, in na isa reshe sai in rungume shi in ci gaba da hawa in manta igiya tana baya ta yi sako-sako. Malam ya yi ta ƙwala min kira daga ƙasa, zauna a ɗamararka, zauna a ɗamararka. Ƙa'idar da ya ba mu ita ce kar sakin igiya ya wuce santimita 50, kuma kar ka haura inda igiyarka ke rataye da fiye da santimita 25, saboda wannan ɗamara ta zama ce ba ta tare faɗuwa ba, igiyar ma ba ta miƙewa sosai, in ka faɗo mita ɗaya kacal a kanta bayanka ne zai biya. Waɗanda ba su taɓa hawa bishiya ba sun fi ni saurin koyo, tsoro ya sa sun riƙe igiya gam tun farko.

Sannan maganar igiya biyu. Dokar aiki a sama ta 2005 ta daɗe da cewa a samu igiyar ko-ta-kwana, amma masu bishiya suka yi shekaru suna hawa da guda ɗaya da ɗan gajeren maɗaurin ƙugu, sai wajen 2019 zuwa 2020 HSE ta matsa lamba, ƙungiyar masu sana'ar ta Arboricultural Association ta fitar da sabon jagora, yanzu duk koyarwa da igiya biyu ake yi kowacce da nata reshen. Abokan aikina tsofaffi har gobe suna gunaguni wai tana cukurkuɗewa tana cin lokaci, kuma gaskiya ne tana ci. Amma a rana ta uku ina tafiya a kan reshen wata bishiya mai santsin ɓawo bayan an yi yayyafi, na kai kusan ƙarshe ƙafata ta zame. Da igiya ɗaya ce da na yi lilo na dawo na maku da uwar bishiyar da kafaɗa ko fuska, ta biyun da na rataya can gefe ita ta tare ni, na tsaya a iska ina salati. Tun daga nan gunagunin nasu ba ya shiga kunnena.

Yanzu ga inda kuɗina ya fita, ceto. In ka tambaye ni duk sauran share fage ne, hawa ko a wurin aiki za ka iya koya a hankali, amma sauko da mutum mai nauyin buhun masara ɗaya wanda ba ya iya taimakon kansa, wannan sai an koya maka kuma sai ka yi da hannunka.

Kafin mu ceci kowa sai da aka sa kowannenmu ya zama wanda ya ji ciwon. Ka hau kamar mita 8 ka saki jiki gaba ɗaya kamar ka suma, kai ya langaɓe, hannu na reto. Ban yi minti biyar ba na ji maɗaurin cinya ya fara cizo, ƙafafuna sun fara yin sanyi suna min kamar ana tsira allura, wani ɗan jiri-jiri na zuwa. Malam ya hana mu wuce haka, yace da ka ji wani iri ka motsa ƙafa ka yi magana. Bayaninsa shi ne mutum in yana rataye tsaye ba motsi jini yakan taru a ƙafafu ya kasa komowa sama, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta ya suma, a ƙasa in ka suma faɗuwa kake ka kwanta jinin ya dawo, a ɗamara kuwa ba inda za ka faɗa, kana nan a rataye. Ga kai ya sunkuya yana iya toshe hanyar numfashi. Ka ƙara da cewa cikin raunin da masu wannan sana'a ke ji akwai yanka, sarƙar injin zarto tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, in ta samu jijiyar hannu ko cinya lissafin mintoci ake yi. Motar asibiti za ta zo amma ma'aikatanta ba sa hawa bishiya, 'yan kwana-kwana kuma ba kowane lungun lambu tsaninsu ke shiga ba. Wanda ke tsaye a gindin bishiya da rake a hannu, wato ni, shi ne kawai.

Ceton farko da na yi abokin karatuna ne a sama, wani ƙato mai aikin gini a da, ya kai kilo 100 ba ko shakka. Malam ya busa usur, ni kuwa jikina na rawa na ruga na kama igiya zan fara hawa. Ya dafa kafaɗata yace tsaya, wa ka kira? Ban kira kowa ba. Me ya ji masa ciwo? Ban duba ba. Ya nuna min wani reshe da ya ɗaura wa jan ƙyalle a matsayin wanda ya karye yana rataye daidai saman inda zan bi, yace to yanzu mutum biyu gare mu a sama kuma ba mai ceto a ƙasa. Tsarin da ya dasa mana shi ne a dakatar da komai a kashe injuna, a yi wa na saman magana a ji ko yana amsawa ko ma zai iya sauko da kansa don wannan ya fi komai sauri, a kira 999, lambar gaggawa, a faɗi ainihin wurin, shi ya sa tun da safe ake rubuta adireshi da hanyar shigar mota da asibiti mafi kusa a takarda a bar ta a gaban mota, a duba abin da ya jawo haɗarin ko yana nan, wayar wuta ce ko reshe ko zuma, sannan a hau.

Na sake daga farko. Da na isa wurinsa ina haki na fara duba nasa kayan, igiyarsa lafiya take ko zarto ya taɓa ta, reshensa lafiya yake, don wannan ne zai nuna ko a kan igiyarsa zai sauko ina sarrafa ƙullinsa da nawa tare, ko kuwa sai na ɗauke shi gaba ɗaya na mayar kan tawa. Na haɗa ɗamararsa da tawa da gajeren maɗauri, na zagaya wani ta bayansa ƙarƙashin hammata na tallafo ƙirjinsa ya zauna sosai, na sa shi tsakanin ƙafafuna kansa a ƙirjina kamar mai goyon gaba. Numfashinsa a wuyana, warin taba da kofi, shi kuma ɗan banza ya ƙware da kwaikwayon suma ko yatsa bai ɗaga min ba. Da aka zo na biyun inda nauyinmu duka ya koma kan igiyata sai furusik ɗina ya cije ya ƙi motsi ko kaɗan, kilo kusan 180 a kan ƙullin da ya saba da mutum ɗaya, na ja na ja har tafin hannuna ya yi zafi ta cikin safa. Nan Malam ya nuna mana yadda ake ƙara wani ƙarfe ko naɗi a ƙasan ƙullin ya ɗebe masa rabin nauyi, sai ga shi yana tafiya sumul. Ya kuma gargaɗe mu da ɗaya gefen, in ka matse ƙulli da ƙarfi ya sake gaba ɗaya ku biyu za ku taho da gudu, zafin gogayya ma yana iya narkar da siririyar igiyar. Wuƙa kuwa ita ce ta ƙarshe, ba ka yanke wa mutum maɗauri sai ka duba sau biyu cewa yana rataye a kanka, kuma ka tabbatar wacce igiya ce a bakin wuƙar.

Akwai kuma ceto a kan kututture tsirara wanda aka riga aka sare wa rassa, ba inda za ka rataya igiya. Nan ake ɗaura ƙarafa masu tsini a ƙafa kamar na zakara, ka riƙa caka su kana hawa da maɗauri zagaye da itacen, ka wuce mai ciwon ka shaƙe kututturen da maɗaurin rataya a samansa, sannan ku sauko. Waɗannan ƙarafa ba a hawa bishiya mai rai da su don suna huda ta cuta ta shiga, sai wadda za a sare ko ranar ceto. In an iso ƙasa, Malam yace da can ana koyar da cewa kar a kwantar da wanda ya daɗe a rataye a bar shi zaune, amma binciken da HSE ta fitar a 2009 bai samu hujjar hakan ba, yanzu taimakon farko na kullum ake yi, a kwantar da shi a kula da numfashi. Na ji daɗi da ya faɗi wannan don wani abokin aikina har yanzu tsohon zancen yake yi.

A daren ne na kira Inna, da na ba ta labari sai tace, kai ɗan nan, duk wannan igiyoyi don hawan itace? Ta tuna min da ƙanen babanmu da ya faɗo daga ɗorawa lokacin kaka, shi kaɗai a gona, sai da yamma masu dawowa daga kiwo suka tsince shi, mai ɗori ya yi iya yinsa amma da sanda ya ƙarasa rayuwarsa. Nace Inna ai shi ba igiya ce kaɗai ya rasa ba, har da wanda zai ce ina wane. Na tuna masu sassabe darbejiya a bakin titi a Kano, mutum ba takalmi da adda a hannu wayar NEPA na gefen kunnensa, da Fulanin da ke hawa gawo da rani suna sare wa dabbobi ganye, gwanaye ne na gaske wallahi sun fi ni iya hawa nesa ba kusa ba, sai dai ranar da reshe ya ci amana ba wani shiri a ƙasa.

To ƙorafi. Na farko kuma mafi girma, lokacin ceto ya yi kaɗan. Kwana uku da rabi aka yi ana hawa, kwana ɗaya da rabi kacal aka bar wa abin da rabin sunan kwas ɗin ke ɗauke da shi. Na kututture sau biyu kawai kowa ya yi. Mu huɗu malami ɗaya, kuma ba ya yarda a yi ceto biyu lokaci guda, wanda daidai ne, amma sakamakon shi ne ka yi minti 20 kana aiki ka yi awa guda kana tsaye cikin sanyi kana buga ƙafa. Ga shi a Nuwamba na je, ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi, kusan awa guda muke asara kullum kuma kuɗin bai ragu ba. Wanda zai je ya nemi tsakanin Afrilu da Satumba.

Na biyu, ba a taɓa gwada mana ceton mai zubar da jini ba. An nuna mana maɗaurin tsayar da jini da bandeji na musamman da kowane mai hawa ya kamata ya rataya a ɗamararsa, an ce a rubuta lokacin da aka ɗaura, shi ke nan, ba wanda ya ɗaura wa wani a sama. Da na yi magana aka ce wannan kwas ɗin taimakon farko ne daban, da kuɗinsa daban. Na gane, amma da sun faɗa tun wajen rajista. Na uku kayan aro. Igiyoyi da ƙugiyoyi ba laifi, kowacce da lambarta da takardarta, amma ɗamarar da aka ba ni ta yi min yawa, ni siriri ne, sai da na ƙure maɗaurin duka tana hawa min haƙarƙari, ranar uku na karɓo ta abokin aikina na zo da ita. Bayan gida kuwa irin na roba ne guda ɗaya ba ruwa, don haka ɗan uwa ka tafi da butarka da galan, abinci ma ka tafi da naka, motar da ke zuwa da rana kusan komai nata da naman alade. Sallah dai ba wanda ya hana ni, Malam da kansa yake duba agogo yace lokacinka ya yi, sai dai cire ɗamara da takalmin nan mai nauyi a yi alwala a wannan sanyi, azahar da la'asar kuma kusan manne da juna, sai mai haƙuri.

Ranar jarabawa mai jarabawar bai da yawan magana, allo a hannu. Ya sa na duba kaya ina faɗin abin da nake nema, ya yi tambayoyi kan doka, na hau na yi tafiya a kan rassa biyu na dawo, sannan ceto iri biyu ɗaya a kututture. Jifana sau huɗu ya shiga, na kira 999 na ƙarya da babbar murya har ƙaton nan ya kusa fashewa da dariya yana sume a sama. Uku muka ci, ɗaya ya faɗi saboda ya cire maɗaurin ƙugunsa kafin ya gwada nauyinsa a kan igiyar da ya sauya wa reshe, nan take aka ce ya sauko, ba roƙo ba magiya, zai sake biyan kuɗin jarabawa.

In maki zan ba su, huɗu cikin biyar, kuma ukun na Malam ne shi kaɗai. Wanda ke aikin ƙasa ya riga ya san igiya da injin niƙa ya je, kuɗinsa zai dawo cikin 'yan watanni don kuɗin aikin yini na mai takardar ceto ya fi yawa. Wanda bai taɓa aikin ba kuma kar ya fara da wannan, ya nemi aikin jan rassa ko na wata uku ne ya ga ko jikinsa da zuciyarsa za su ɗauka. Kuma kar wani ya ɗauka takardar ta ba shi izinin kunna injin zarto a sama, wannan CS39 ne, wani kwas ɗin wani kuɗin, da wannan zarton hannu kawai za ka riƙe, ni Silky na saya kuma shi ma yanka yake kamar aska, ya riga ya ɗanɗana babban yatsana. Kar ka sayi ɗamara kafin kwas, ka gwada na mutane tukuna ka ga wadda ta zauna maka, amma takalmi mai kama itace da safar hannu guda biyu ka zo da naka.

Na roƙi oga ya yarda duk Juma'ar farkon wata kafin in wuce masallaci mu ɗauki awa ɗaya mu yi gwajin ceto a bishiyar da ke bayan garejinmu, ya yi ɗan tsaki don awa ɗaya kuɗi ce amma ya yarda. Karon farko minti 19 na ɗauka daga busa usur har ƙafarsa ta taɓa ƙasa, wancan watan 12, kuma har yanzu wajen ɗaura maɗaurin ƙirjin nan nake ɓata lokaci.